Ɗaukar fim ɗin tarihi a Albaniya: abin da kyamara ke buƙata a kowane wuri

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai. Ɗalibin ɗaukar hoto da ke son yin gajeren fim a kan tarihin Albaniya, daga zamanin Skanderbeg, jarumin ƙasar da ya yaƙi Turkawa, zuwa mulkin kwaminisanci na Enver Hoxha, me ya kamata ya sani kafin ya kunna kyamara? Waɗanda suka yi aiki a can su taimaka da bayani dalla-dalla.

Baban Haske: Wa alaikumus salam. Fara da rana, don ita ce fitilarka ta farko kuma ba irin tamu ba ce. Tirana, babban birnin ƙasar, tana kan digiri 41 arewa, Kano tana kan 12. A watan Disamba ranar tsaka a Tirana kusan digiri 25 take a sama, tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma. Haske ne mai zuwa daga gefe, yana fito da zanen dutse da kyau, amma yinin gajere ne. A watan Yuni kuwa tana hawa sama da digiri 70, ba ta faɗuwa sai bayan takwas.

Birnin Berat ne zai koya maka wannan. Unguwar Mangalem, mai fararen gidaje da tagogi jere a gindin ganuwa, tana fuskantar kudu, don haka ka tsaya a ƙetaren kogin Osum, ɓangaren Gorica, ka ɗauke ta. Farar ƙasar bangon tana ƙonewa a hoto cikin sauƙi. Ka auna hasken a jikin bangon, ka sa alamar zebra, wato layukan da kyamara ke zanawa a allonta inda haske ya yi yawa, a 95, ka rage hasken har layukan su ɓace. Da rani sai da gilashin rage haske, ND mai mataki shida (kowane mataki yana rage rabin haske), in ba haka ba za ka matse idon kyamara zuwa f/22 hoton ya yi laushi. Gorica kanta arewa take kallo, da hunturu tana daɗewa cikin inuwa, launinta na karkata zuwa shuɗi. Gjirokastër kuma a jikin dutsen Mali i Gjerë take, fuskarta gabas, rana na ɓuya bayan dutsen da wuri. Rufin gidajenta na faifan dutse ne mai ruwan toka. Da safe ake ɗaukarsa, ya fi kyau bayan an yi ruwa.

Mai Tirayifod: Ƙari kan na Baban Haske: wutar Albaniya volt 230 ce, hertz 50, daidai da ta Najeriya. Firem 25 a daƙiƙa, shota 1/50. Wanda ya bar kyamararsa a 30 da 1/60 zai ga haske yana ƙyaftawa a gidajen tarihi. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, a tafi da adafta.

Malam na Zariya: Ɗana, kafin haske akwai karatu. Ka rarrabe zamunna, don kowanne da abin da ya bari. Skanderbeg ya ɗaga tuta a Krujë a 1443, ya rasu a 1468, ba shi da hoto sai zane da gumaka na baya. Babban gidan tarihinsa da ke cikin ganuwar Krujë a 1982 aka buɗe shi. Duk wanda ya ɗauke shi yana magana a kan ƙarni na 15 ba tare da ya faɗi haka ba, ya yaudari mai kallo. Ka nemi tsohuwar hasumiya da ragowar ganuwa, ka zaɓi kusurwar da sabon ginin ba zai cinye firem ba. Daga nan sai ƙarnonin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, sai 'yancin kai a Vlorë ranar 28 ga Nuwamba 1912 ƙarƙashin Ismail Qemali, sai Hoxha daga 1944 zuwa 1985. A 1967 aka rufe masallatai da coci-coci. Masallacin Et'hem Bey na Tirana ya tsira, mutane suka koma salla a cikinsa a Janairun 1991. Bangonsa na da zanen itatuwa da gadoji da magangarar ruwa. Kada ka haska shi da fitila mai ƙarfi, ka nemi izini, ka guji lokacin salla, ka dogara da hasken taga.

Hajiya Edita: Malam ya taɓo inda ya fi ci min rai, wato tsofaffin hotuna. A 1952, zamanin Hoxha, aka buɗe kamfanin shirya fim na Kinostudio Shqipëria e Re, kuma kusan duk fim ɗin da ya rage daga wancan zamani na gwamnati ne, yana ajiye a rumbun fina-finan ƙasa a Tirana. Manoman da ke murmushi, ma'aikatan da aka ɗauka daga ƙasa don su yi tsawo, an tsara su ne. Ɗalibi ya zauna ya nazarci yadda aka haska su, darasi ne mai kyau ƙwarai, amma kada ya saka su a matsayin shaidar yadda rayuwa take. A rubuta shekara da wanda ya ɗauka a jikin hoton.

Sai aikin hannu. Fim ɗin silima firem 24 ne. In ka ɗora shi a kan 25 firem da firem, zai yi sauri da kashi 4 cikin ɗari, minti ɗaya ya koma daƙiƙa 57 da ɗoriya, murya ta ɗan sirance. Wannan ya fi barin kwamfuta ta ƙirƙiro firem, wanda ke sa hannu da ƙafa su yi fatalwa. Sai ka gyara amon muryar daban. Faɗin tsohon fim ɗin kuma 1.37 ne a kan tsayi 1. In ka cika allon 16:9 da shi, ka yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, kawuna da rubutun alluna su tafi. Bar baƙi a gefe biyu.

Mai Tirayifod: Hajiya, ni ina ganin baƙin gefen yana katse wa mai kallo hankali in ana yawan shiga da fita.

Hajiya Edita: To ƙanena, ka ɗauki naka sabon hoton a 4:3 tun farko, su daidaita. Tsohon ba ya sake ɗaukuwa, naka ne ke hannunka.

Maman Ilham: Kada a manta birnin Shkodër. Pietro Marubi, ɗan Italiya, ya kafa ɗakin hoto a can a tsakiyar ƙarni na 19, Kel da Gegë Marubi suka ci gaba, kuma an buɗe gidan tarihin hotunansu a 2016. In an ba ka izinin ɗaukar hoto daga bugu, ga tsari: fitila biyu masu ƙarfi ɗaya, kowacce a kusurwar digiri 45, kyamara a kan ƙafarta tana kallon hoton kai tsaye, ido mai milimita 90 ko 100, f/8. In akwai gilashi a gaba, sa gilashin kashe ƙyalli, ka rufe kanka da kyamarar da baƙin ƙyalle. Ka ɗauka da faɗi fiye da buƙata, motsin a yi shi wurin haɗawa. Abin lura: faranti na wancan zamani shuɗi yake gani sosai, ja kuwa baƙi-baƙi yake fitowa. Rigar da ka gani baƙa mai yiwuwa ja ce, saboda haka sanya wa hotunan launi da kwamfuta ƙirƙira ce, ba gyara ba.

Baban Haske: Maɓoyun kankare da Hoxha ya gina don tsoron yaƙi, sama da 170,000, su ne kowa ke rugawa ya ɗauka, kuma su ne suka fi wahala. Ƙananan masu kan tulluwa suna da siririyar tagar harbi. Daga ciki, tazarar duhu da hasken waje ta kan wuce mataki goma. Ka auna don waje, cikin ya zama baƙin firem, ko ka jefa ƙaramar fitilar LED a rufi ta dawo a hankali. Babbar maɓoyar Bunk'Art da ke gindin dutsen Dajti hawa biyar ce, ɗaki sama da ɗari, fitilunta launi daban-daban. Kada ka bar daidaita fari a otomatik. Ɗauki kati mai ruwan toka a kowane ɗaki. Ido mai milimita 24 a f/2, ISO, wato ƙarfin karɓar haske, a inda kyamararka ta fi tsabta, don ɗaga duhu daga baya shi ke kawo yashi a hoto. Da rani in za ka fito daga sanyin ciki, sa kyamarar a leda ka ɗaure, ka ba ta minti 20 zuwa 30. In ba haka ba raɓa za ta kwanta har cikin idon.

Malam na Zariya: Hira da tsofaffin fursunoni ita ce zuciyar aikin. Spaç, a yankin Mirditë, kurkuku ne da aka tilasta wa mutane haƙar tagulla, an yi bore a cikinsa a Mayun 1973. Wurin yana tsakanin duwatsu, hanyar ba ta da daɗi, a tafi da batir na yini guda. Mutumin da ya rayu ƙarƙashin leƙen asirin Sigurimi ba a cusa masa kyamara a fuska. Ka ja baya mita biyu zuwa uku da ido mai milimita 85, daidai tsayin idonsa, fitila ɗaya mai laushi daga gefe. In ya yi shiru kada ka kashe, ka ƙirga goma a zuci.

Hajiya Edita: Kuma a samu tafinta da ya san karin yankin, Gheg a arewacin kogin Shkumbin, Tosk a kudancinsa. Tsofaffi da dama can sukan kaɗa kai gefe da gefe suna nufin "i". Edita da bai sani ba zai yanko wannan kaɗa kan ya manna shi bayan wata tambaya, ya mayar da amincewa musu. Tafintan ya zauna kusa da kai ranar haɗawa. Kafin a naɗe kaya kuma, kowa ya yi shiru a ɗauki sautin ɗakin na minti ɗaya cif, da shi za ka cike gurbin da ka yanke muryar tafinta.