Neman shawara: za mu kai yara bakin teku, ga mage ga kwikwiyo

Maman Auta: Assalamu alaikum matan gida. Don Allah ku taimake ni, kaina ya ɗaure. Tun bara da yara suka ga bidiyon teku a wayar babansu suka hana mu sakat. Shi kuma da bakinsa ya ce in Yaya ta ci jarrabawar shiga sakandare zai kai su. To ta ci. Yanzu abokinsa ya ba mu aron gida a wani ƙauyen masunta kusa da Ibeno a Akwa Ibom, hutun Disamba. Matsalar magenmu ce. A kwata muka tsince ta nan Farin Gada a Jos lokacin sanyi, ido duk a manne, da sirinji na riƙa ɗura mata madara har ta rayu. Auta ba ya barci sai ta kwanta a ƙafarsa. Da muka je biki Bauchi na bar wa maƙwabciya ita, na dawo na tarar duk ta rame, wai ta ƙi cin tuwo. Tuwo fa! Ga kwikwiyon da babansu ya kawo don gadi, shi ma ba mai riƙewa. Hajiyarsu ta ce neman suna nake. Ya zan yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Shekarun yaran nawa? Da mota za ku ko jirgi?

Maman Auta: Mota, Anti. 11, 7, sai auta 3.

Hajiya Babba: Ƙanwata, ki ji maganar babba. Daga Jos sai Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Otukpo, Inugu, Umuahia, Ikot Ekpene, Uyo, Eket, kafin ki ga ruwan. Ko kun fita da asuba, ina mai tabbatar miki sai kun kwana a hanya. Wane otal ne zai karɓe ki da kare? Kuma ku yi hattara da ratsa Inugu ko Abiya ranar Litinin, a 2021 masu neman kafa Biyafara suka kira zaman gida na dole duk Litinin a yankin. Ki bar dabbobi a gida, magana ta ƙare.

Maman Auta: Hajiya ai ba kare ba ne, kwikwiyo ne, bai fi wata huɗu ba.

Matar Direba: Mu ogana ba ya bin Inugu sam. Daga Makurɗi sai Gboko, Katsina-Ala, Ogoja, Ikom, ya sauka wajen Kalaba, sannan Itu zuwa Uyo.

Hajiya Babba: A Disamba? Lokacin bikin kanibal na Kalaba? Ko ɗakin kwana ba za ta samu da araha ba. Ku bar ba ta shawarar da za ta wahala.

Uwargida Rikkos: Ke dai kin dace. Ni shekara da shekaru ina roƙon maigida ya kai mu Assop Falls, nan kusa da mu, kullum sai an yi albashi. Ko gidan namun dajin nan na cikin gari, makaranta ce ta kai yarana, ba shi ba. Amma bikin ƙanwarsa har Sakkwato ya yi shatar mota.

Amarya Bukuru: Wallahi Anti duk halinsu ɗaya. Nawa cewa ya yi ruwa ruwa ne, in je Rayfield in kalla.

Anti Nas: Mu dawo kan magana. Ni ba dabbobin ne suka dame ni ba, ɗan shekara 3 ne. Tekun Atilantika ba dam ɗin Lamingo ba ne. Igiyar tana bugowa, in za ta koma sai ki ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarki, babba ma tana kayar da shi. Akwai wuraren da ruwan ke ja ciki da ƙarfi, wanda ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan. A ƙauye kada ki sa rai da masu ceto, ki tambayi masunta inda 'ya'yansu ke wanka. Kowane yaro a ba shi babba guda mai sa masa ido. Ke kina riƙe da igiyar kare, wa ke riƙe da auta? Sannan ki tafi da gidan sauro. Yaran Jos ba su saba da zafi mai gumi irin na can ba, ki yi ta ba su ruwa.

Maman Auta: Anti ai Yaya ta iya iyo, a makarantarsu ta koya. Kuma ba shiga za mu yi sosai ba.

Anti Nas: Iyon kwamin wanka daban, na teku daban.

Matar Likitan Dabbobi: In dai kin nace, kwikwiyo daga wata uku ake masa allurar haukan kare, mage ma ana mata. Ga Vom nan kusa, cibiyar binciken can ita ke haɗa allurar. Ki riƙe katin a jaka. Mage a keji, kada ki cika mata ciki kafin tafiya, kuma kada a bar su a mota a rufe ko na minti kaɗan. Amma gaskiya mage gida take so fiye da mutum. A baƙon wuri, ga warin kifi ko'ina, ana buɗe ƙofa za ta fice. Gara ki ba wani makulli ya riƙa zuwa yana ba ta abincin da ta saba.

Hajiya Babba: Abin da na faɗa ke nan tun farko. Sannan kare a mota ɗaya da kayan sallarku, ki dai tambayi malamai.

Maman Auta: A but ɗin mota zai zauna Hajiya. Makulli kuma ba zan iya ba kowa ba, kun san abin da ya faru da ni a tsohon gida.

Matar Likitan Dabbobi: But a rufe? Zafi zai kashe shi kafin Makurɗi.

Maman Auta: Motar mai buɗaɗɗen baya ce ta ciki. Kuma ni na riga na sayi kejin jiya a Taminus.

Hajiya Babba: To me kike tambayarmu?

Amarya Bukuru: Maman Auta in tafiyar ta tabbata ki yi min magana ta gefe, ina son kirefish na Oron mudu biyu.