Wa ya san wannan ƙaramin itacen da ƙanina ya kawo daga Italiya?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ke aiki a Bergamo ya zo Kumasi hutun Sallah, ya kawo wa Hajiya wani reshe da ya tsinko can kan duwatsun Alps, ya matse shi cikin littafi. Ya ce itacen ko ƙugunsa bai kai ba, ya bazu a gangaren dutse kamar an shimfiɗa tabarma, kuma wai har lokacin dusar ƙanƙara ganyen ba ya zuba. Ganyen ƙanana ne masu kauri da sheƙi, furen ruwan hoda. To Hajiya dai tun jiya take cewa a dafa mata ta sha, wai abin da ya jure sanyin Turai ai dole ya yi maganin sanyin ƙashi, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Malamin Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga kalar tsatsa to Rhododendron ferrugineum ne, Jamusawa na ce masa Alpenrose, yana fitowa can saman duwatsu, a tsayin wajen mita 1600 zuwa 2200, a ƙasa mai tsami, fure kuma Yuni da Yuli. In ko bayan kore ne sannan bakin ganyen na da gashi-gashi kamar gashin ido, to ɗan'uwansa ne hirsutum, shi dutsen farar ƙasa yake so. Furen kam ba zai raba maka su ba.

Ɗan Aboabo:
Malam na juya. Wallahi kamar tsohon kwanon rufin gidanmu bayan damina.

Anti Nima:
To ɗana don Allah ka ɗauke shi daga ɗakin Hajiya tun kafin ta sa yara su hura wuta. Dangin wannan itacen guba gare su, amai da jiri, har bugun zuciya yakan yi ƙasa. A Turkiyya wajen Bahar Aswad zumar da ƙudan zuma ke yi daga furen wasu 'yan'uwansa ma tana kai mutane asibiti, balle a tafasa ganye.

Direban Kejetia:
Ni da har zan ce a ba ni in dasa a bayan gida lol

Malamin Asawase:
Direba ina! Dutsen Afadjato na nan Ghana ma da muke taƙama da shi bai kai mita 900 ba. Shi wannan dusar ƙanƙara ce bargonsa, ita ke rufe shi iskar hunturu ba ta ƙona shi, ina zai kai ranar Kumasi.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Na mayar da shi cikin littafin, Hajiya kuma na haɗa mata citta da kanumfari, tana ta mita wai mun raina mata tsaraba.