Gicciye da Tashin Almasihu a Zaman Yau da Kullum

Bayan sujadar Ista, 'yan zumuntar mata da wasu dattawa a wata majami'a da ke karkarar Sumaila sun zauna a gindin darbejiya, suna tattauna yadda gicciye da tashin Yesu daga matattu suka shafi zamanmu na kullum.

Maganar gafara ce ta fi cin lokaci. Wata dattijuwa ta kawo Luka 9:23, inda Yesu ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Ta ce idan awakin maƙwabci sun cinye maka gero, ka je ku yi magana, in ta ƙi ka kai wa mai unguwa, amma kada ka daina gaishe shi, Musulmi ne ko Kirista. A ganina nan nauyin yake, domin gaida wanda ya cuce ka da sassafe ba ƙaramin abu ba ne.

Sun ja kunne sosai cewa kada a ce wa matar da mijinta ke duka, "Gicciyenki ne, yi haƙuri." A kai maganar gaban fasto da dattawan ikkilisiya.

Game da tashin matattu kuwa, sun ce kada a hana mai makoki kuka, tunda Yesu ma ya yi kuka a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. Sai dai Manzo Bulus ya gargaɗi Kiristocin birnin Tasalonika kada su yi baƙin ciki kamar marasa bege. Don haka aka ce bayan jana'iza a kai wa gwauruwa kwanon dawa, idan damina ta faɗi kuma matasa su yi mata gayya a gona.