An rufe mana layin WhatsApp saboda kod ɗin da na rubuta, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon sarin kayan masarufi a Sabon Gari. Tun ranar da Alhaji ya ji na yi kwas ɗin kwamfuta a Samaru, komai ya dawo kaina, har gyaran firinta. Kullum ƙarfe bakwai sai na tura wa direbobi jerin kayan da za a kai Giwa da Soba da Kudan a gurup ɗinmu. Ran da na makara, kiran Alhaji ke tashe ni. Shi ne na rubuta ɗan kod da yaren Python da Selenium (manhajar da ke sarrafa burauza da kanta), ya buɗe WhatsApp Web, ya kwaso jerin daga Excel ya tura. Sati uku lafiya lau. Yau da asuba na tarar an rufe layin. Alhaji bai sani ba tukuna.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai ka jawo wa kanka. Ƙa'idojin WhatsApp sun hana irin wannan tura saƙon ta bayan gida. Ku koma Telegram. Ka je wurin BotFather, mai ƙirƙirar bot (asusun da ke tura saƙo da kansa) a Telegram, ya ba ka token, wato mabuɗin bot ɗin, ka saka bot ɗin a gurup, ka sake rubuta kod ɗin da yaren JavaScript a Google Apps Script, dandalin rubuta kod na Google, ka sa masa lokaci. A kwamfutocin Google zai riƙa aiki, ko NEPA sun ɗauke wuta saƙo zai tafi. Ko sisi ba za ka biya ba.

Ɗan Kongo: Tsaya, layin wa aka rufe? Kuma gurup kaɗai kake turawa?

Mai tambaya: Layin shago ne. Satin nan na ƙara da tura sabon farashi ga kwastomomi, amma ai duk sun san mu.

'Yar Tudun Wada: Ni tambayata, an ƙara maka albashi? Haka na sauƙaƙa fitar da sakamakon ɗalibai a makarantarmu, sakayyar da na samu ita ce ƙarin aji biyu. Allah ya isa.

Ɗan Kongo: Ka fara neman su sake duba layin ta cikin manhajar, wani lokaci suna buɗewa. In kwastomomi ne, Meta, masu WhatsApp, na da Cloud API tun 2022, wato halattacciyar hanyar tura saƙo ta kod, sai dai akwai biya, kuma sai sun amince da tsarin saƙon.

Injiniya: Ɓata lokaci ne. Telegram na ce.

Mai tambaya: Yallaɓai, direbobinmu ba su san Telegram ba, Alhaji ma saƙon murya kawai ya iya. Kod ɗina ba shi da matsala, gudu ne ya yi yawa. In na sa ya riƙa jiran minti ɗaya tsakanin saƙo da saƙo, a sabon layi fa?

Injiniya: To sayo layin, mu ma mu sha kallo.

Mai tambaya: Ga Alhaji nan yana kira a layina. In ɗauka?