Neman kalmar Hausa: me za mu kira micro-memoir?

Salam jama'a. Akwai wani salon rubutu da muke so mu fara gwadawa a ɗan zaman marubuta da muke yi nan Kaduna, sai suna ya tsayar da mu. Turawa na ce masa micro-memoir, wato mutum ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa amma cikin 'yan layuka, wani ma layi ɗaya tak. Wanda ya fi tashe shi ne na kalma shida. Mujallar SMITH ta Amurka, wadda Larry Smith ya kafa, ita ta ƙaddamar da shi a 2006, ta ce kowa ya rubuto rayuwarsa a kalma shida, amsoshi suka yi ta kwarara har aka tara su littafi a 2008. Sun samo dabarar ne daga ɗan labarin nan mai kalma shida da ake jingina wa marubucin Amurka Hemingway na takalmin jariri da aka sa a kasuwa ba a taɓa sawa ba, duk da masu bincike sun nuna irin wannan magana tana yawo a jaridu tun kafin a fara danganta ta da shi.

Toh na jefa muku tambayar me za mu kira shi da Hausa, ga abin da ya shigo, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawanku kun ce taƙaitaccen tarihi. Ku yi haƙuri wallahi bai shige ni ba. Taƙaitaccen tarihi mun san shi, shi ne wanda mai gabatarwa ke karantawa ran walimar naɗin sarauta ko bankwana da wanda ya yi ritaya, an haife shi a shekara kaza, ya yi firamare a kaza, ya riƙe muƙami kaza, yana da mata da 'ya'ya, a tafa. Wannan matse rayuwa ce gaba ɗayanta, kuma galibi wani ne ke rubuta maka. Abin da muke magana a kai ba matsewa ba ne, zaɓe ne. Ka bar shekara arba'in ka ɗauko yamma guda.

Malam, kai da ka ce gajeren labari, ai an riga an ba wani wannan sunan. Duk wanda ya bi gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016 ya san gajeren labari ƙirƙira ne, kana da damar ka yi ƙarya mai kyau. Nan kuwa sharaɗin farko shi ne abin ya faru, kuma da kai ya faru.

Wata Anti ta kawo kirari, na ji daɗin wannan sosai don ta tuna mana mu ma muna da hanyar da mutum ke faɗin ko shi wane a numfashi ɗaya, ɗan dambe da maharbi ba sa buƙatar shafi goma. Amma Anti kin san kirari ba ya faɗin faɗuwa, kuma ba a yin sa da ƙaramar murya. Mai kirari ba zai ce ya ji tsoro ba, alhali rabin wannan salon a nan daɗinsa yake.

Waiwaye kuma na ajiye shi gefe, ba don bai yi ba, sai don ya fi dacewa da babban wansa, wato memoir ɗin kansa, tunda asalin kalmar daga Faransanci take kuma tuni take nufi. Littafin Sardauna da ya fito a 1962, My Life, tarihin rayuwa ne sak. Wanda Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsa aka buga a 1954 kuwa ya fi kama da waiwaye, tsohuwa ce zaune tana tuno aure da bauta da zaman gida yadda suka zo mata. Toh idan waiwaye ya zama na dogon, me za mu ce wa ɗan mitsitsin?

Biyu suka rage, gutsuren rayuwa da tsakuren rayuwa. Ni dai tsakure na zaɓa. Gutsure yana da ƙamshin saura, abin da ya ɓalle ko aka bari. Tsakure kuwa da gangan ake yin sa, kamar yadda mai ƙosai ke tsakuro ƙullu ta jefa a mai, hannu ya san iya abin da ya ɗauko kuma sauran na nan a kwano. Ga shi duk wanda ya zauna jarrabawar Hausa ya saba da “karanta wannan tsakure”, ya san ɗan yanki ne da aka ciro daga babban abu don ya wakilce shi. Kuma yana juyuwa a baki ba wahala, na tsakuro rayuwata, ki tsakuro mana ƙuruciyarki, tsakure-tsakuren rayuwa in sun yi yawa.

Ga wanda wani bawan Allah ya turo da na ce a gwada: “An rufe masaƙa. Baba na fita kullum.” Duk ɗan Kakuri ko Makera, unguwannin masaƙun Kaduna, ba sai an yi masa sharhi ba, ya ga mutumin da asuba da hularsa da kekensa, ya san ba inda za shi, ya san kuma me ya sa bai iya zaman gida. Wata kuma ta rubuto: “Kayan ɗakina na gani a Kasuwar Barci.” Kasuwar Barci dai nan ake sayar da kayan hannu a Kaduna, ban tambaye ta wa ya kai ba.

Ku ƙirga, duka biyun kalma bakwai ne, kuma nan wata rigimar take. Hausa tana da ƙananan kalmomi da ba a iya yar da su, ya, ta, na, an, da, a, Bature ya ce abu da kalma ɗaya kai sai ka ce “ya tafi”, kafin ka ankara shidan sun ƙare ba ka ce komai ba. Don haka ni ban ga dalilin da zai sa mu ɗaure kanmu da shida ba don kawai wata mujalla ta zaɓe ta. Shawarata a zaman namu, ko dai layi ɗaya da bai wuce kalma goma ba, ko sakin layi guda a kan abu guda, ranar da ka fara sauka a tashar Kawo, ko ƙofar gidan da kuka tashi daga ciki ba ku koma ba.

Yaya da ke cewa a bar shi a maikuro-memuwa kawai tunda mun karɓi intanet da kwamfuta, waɗancan kaya ne da suka zo mana ba mu da su. Gwada faɗa wa Hajiya a gida za ka rubuta maikuro-memuwarta ka ji amsar da za ta ba ka.

Saura malaman Hausa na jami'ar jihar Kaduna (KASU) da na Zariya da ke bibiyar nan, ku duba mana ko tsakure zai rikice da wanda kuke amfani da shi a aji, in ba matsala shi za mu sa a takardar gayyatar zama na gaba.