Yunwar Ailan: Annobar Dankali ce ko Kisan Ƙare Dangi?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da na kawo yau, kuma ba zan janye ta ba: yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845 zuwa 1852 kisan ƙare dangi ce, kuma Ingila ce ta yi shi. Mutum wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka tsallaka teku. Ƙidayar 1841 ta samu mutum miliyan 8.2, ta 1851 ta samu miliyan 6.5. Alhali jiragen ruwa ba su daina kwasar hatsi da shanu daga ƙasar zuwa Ingila ba.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna ƙanena, dankalin nan da muke saye daga Jos muna ce masa "Irish", shi ne ya kashe mutane haka?

Malamin Tarihi: Shi ne Hajiya, ko da yake asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Wata cuta ce ta kama shi a 1845, ta dawo da ƙarfi a 1846. Manomi ya tono dankali ya tarar ya zama baƙi yana wari. Mutum kusan miliyan 3 kuwa ba su da wani abinci sai shi. Amma Ɗan Zazzau, kalmar da ka ɗauko tana da nauyi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta rataya kisan ƙare dangi a kan niyya, wato a ƙudura shafe wata al'umma. Ina niyyar take? Firayim Minista Robert Peel ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka a 1845. Mai son kashe ka ba ya sayo maka masara.

Ɗan Zazzau: Malam, da girmanka, ka faro labarin daga tsakiya. Me ya sa mutum miliyan 3 suka koma cin abu ɗaya? Tun 1609 aka fara ƙwace filayen Ulster, a arewacin Ailan, ana zaunar da baƙi daga Ingila da Sukotilan. Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya zo a 1649 ya ƙara ƙwacewa. Sannan aka kafa dokokin da suka hana 'yan Katolika sayen ƙasa da zama a majalisa. Ɗan ƙasa ya koma ɗan haya a gonar kakansa: hatsi da alade na biyan mai ƙasa ne, wanda sau da yawa yana zaune a Landan, dankali kuma na cikin 'ya'yan ɗan haya. Cutar nan ta shiga Beljiyam da Holan, me ya sa ba su rasa mutum ɗaya cikin takwas ba?

Malamin Tarihi: Wannan duk na yarda. Zalunci ne tsantsa. Amma zalunci daban, shirya kisa daban. Batun jiragen ma a gyara shi: a 1847 hatsin da aka shigo da shi Ailan ya fi wanda aka fitar. Ko da an rufe tashoshi, abin da aka fitar ba zai cike gurbin dankalin ba.

Baba Alhaji: Bari tsoho ya sa baki. Malam, na ji lissafinka, amma wanda yunwa ta kama a watan Disamba ba ya cin masarar da za ta iso a watan Mayu. Tazarar nan ita ce ta ci rayuka. Kuma a ƙarancin abincin 1782 zuwa 1783 an hana fitar da hatsi daga Ailan, farashi ya sauka. Ashe sun san maganin. Mu ma kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, Bature bai fasa karɓar haraji ba.

Lauyan Unguwa: Baba ya taɓo wurin. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne 1847. Gwamnatin John Russell, wadda ta gaji Peel a 1846, ta fara da sa mayunwata aikin fasa dutse da gina hanya a tsakiyar hunturu, mutum sama da 700,000, a kan ladan da bai isa sayen abinci ba. Da ta ga mutane na faɗuwa a bakin aiki, sai ta buɗe wuraren rabon dafaffen abinci. A watan Yuli mutum miliyan 3 ake ciyarwa a kullum, mace-mace suka ragu. Kafin ƙarshen Satumba aka rufe su, aka ce dukiyar Ailan ita za ta ɗauki nauyin talakan Ailan. Sun gwada, sun ga ya yi aiki, suka janye hannu. Aka ƙara da dokar Gregory: duk mai riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka ba shi da rabo a tallafi. Ko ka saki gonarka ko ka mutu a cikinta. Masu ƙasa kuwa abin nema ya samu, suka dinga rushe bukkoki suna korar 'yan haya.

Maman Khalifa: Innalillahi. To su gwamnatin ba su da kuɗi ne?

Lauyan Unguwa: Hajiya, a dokar 'yanta bayi ta 1833 fam miliyan 20 aka ware don biyan masu bayi diyya. Abin da baitulmali ya kashe a kan yunwar nan bai kai rabin haka ba. Ga shi tun 1801 Ailan da Birtaniya ƙasa ɗaya ce a takarda, an rushe majalisar Dublin an mayar da komai Landan.

Ɗan Zazzau: Shi ke nan, Lauya ya gama mini aiki. Ga kuma Charles Trevelyan, jami'in baitulmalin da aka damƙa wa aikin agaji. Da hannunsa ya rubuta cewa yunwar hukuncin Ubangiji ce da za ta gyara Ailan. A 1848 aka ba shi lambar girma. Idan wannan ba niyya ba ce, mece ce? Ba banza John Mitchel, ɗan gwagwarmayar 'yancin Ailan, ya ce Allah ne ya aiko da cutar dankali, amma Turawan Ingila ne suka haddasa yunwar ba.

Lauyan Unguwa: A'a, kada ka sa ni a layinka. Da a kotu ne, tuhumar kisan ƙare dangi za ta sha wuya. Mutanen nan sun yi imani da cewa gwamnati ba ta tsoma baki a kasuwa, suna raina 'yan Ailan, suna kuma ganin yunwar dama ce ta share ƙananan gonaki. Na ce sun bari an mutu suna kallo, kuma suna da ikon hanawa. Ban ce sun zauna sun tsara kisa ba.

Malamin Tarihi: A nan muka haɗu. Shi ya sa mafi yawan masana tarihi, har da na Ailan, ba sa amfani da kalmar. Tony Blair ma, yana Firayim Ministan Birtaniya a 1997, cewa ya yi masu mulki a Landan sun gaza wa mutanensu. Kuma agaji ya zo daga ko'ina: Sarauniya Victoria ta ba da fam 2,000, Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid fam 1,000, 'yan ƙabilar Choctaw na Amurka ma suka yi karo-karo a 1847.

Baba Alhaji: Gudunmawar Sarkin Usmaniyya da ta Choctaw ba ladan Ingila ba ne, Malam. Kada ka zuba su a asusunta.

Ɗan Zazzau: Allah ya ƙara girma Baba. Ni dai ban sauka ba. A 1847 mutum sama da 5,000 aka binne a tsibirin Grosse Île na Kanada, yawancinsu 'yan Ailan da zazzaɓi ya kama a cikin jirgi. Wasunsu masu ƙasa ne suka biya musu kuɗin jirgin don a rabu da su.

Maman Khalifa: Ni tambayata ga Malam ce da Lauya. Na ji kun ce babu niyya a 1845, lokacin da ba su san girman abin ba. To ranar da suka rufe wuraren abincin nan, suna da adadin bakin da suke ciyarwa a rubuce a gabansu. Me suka zata mutum miliyan 3 za su ci washegari?