Musayar waƙa: tutar Cubs da bunsurun 1945

Direban Devon, Lahadi 23 ga Oktoba, 2016

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ban runtsa ba, ku yi haƙuri da ni. Daren jiya Asabar ƙungiyar Cubs ta nan Shikago ta lallasa Dodgers ta Los Angeles da ci 5 da nema, ta ɗauki tutar National League. Ga wanda bai san besbol ba: manyan ƙungiyoyi 30 ne, an kasa su gida biyu, zakaran kowane gida shi ake cewa ya ci tuta, sannan zakarun biyu su kara a World Series. Rabon Cubs da tutar nan tun 1945. Wrigley shi ne filin wasan Cubs; a waƙar nan Kershaw mai jifa da Puig 'yan Dodgers ne, sauran sunayen namu ne. Ƙa'idarmu tana nan: ƙwar huɗu, ɗangon ƙarshe ya sauka a kan "ta".

Da sunan Allah za ni fara,
Mai ba bawa ya kuma ƙara,
Ya ba mai jira ladan jira,
Yau ga Shikago riƙe da tuta.

Shekara 70 har da guda,
Jariri ya tsufa ya riƙe sanda,
An binne kaka, an binne wanda
Ya gaje shi, jiran dai bai huta.

Wasa 103 aka ci bana,
Tun sanyin Afrilu har zafin rana,
Duk Amurka babu na biyunsu, ina!
Baƙo in ya zo Wrigley ya kunyata.

Kershaw ya hau tudu da girma,
Waccan Lahadi ya hana mu ko loma,
Jiya Contreras ya aika ta sama,
Rizzo ya bi, katanga ta ga bajinta.

Hendricks ba ya jifa da ƙarfi,
Siririn yaro, tunani mai zurfi,
Ya murɗa ƙwallo ta nutse kamar kifi,
Gora ta daki iska, ƙwallo ta ɓata.

Puig ya buga ta bi ƙasa,
Russell ya tsince ta ba wasa,
Báez ya karɓa ya cilla nesa,
Rizzo ya cafke, gari ya kama wuta.

Ɗan Fagge

Kawu Alhaji barka da arziki. Bana dai shekarar masu dogon jira ce. Leicester ta ci a watan Mayu, Rangers ta Inugu ta ci farkon watan nan bayan shekara 32, yanzu ga naku. Amma a bar ni in faɗi tawa.

Kawu barka, na taya ka murna,
Sai dai wasan bai shige ni ba, ina,
Ƙato da gora tsaye cikin rana,
Awa uku yana jira, ai wauta.

Mu nan minti 90 an gama,
Raga ta girgiza, ihu ya kai sama,
Pillars sau uku a jere ta kama
Kofi, ba mu bar wa jika ya karanta.

Kuma an ce wai akwai bunsuru,
Shi ya ɗaure ku duk shekaru,
Da kun turo shi Kano mahauta sun taru,
Kafin la'asar ya zama balangu, an huta.

Direban Devon

Ɗana, bunsurun gaskiya ne, har suna gare shi, Murphy. Mai shi wani mutumin Girka ne mai mashaya a garin nan, William Sianis. A wasa na huɗu na World Series ɗin 1945, da ake karawa da Detroit Tigers, ya sayi tikiti biyu, ɗaya nasa ɗaya na dabbarsa. Ka san warin bunsuru ba ya jin Turanci. Aka fitar da su daga filin, ana kuma cewa ya yi wa ƙungiyar baki. Cubs ta faɗi 4 da 3, daga nan shiru. A 1969 suna kan gaba baƙar kyanwa ta gitta ta gaban bencinsu a New York, Mets ta wuce su. A 2003 saura mutum biyar su fitar su ɗauki tuta, suna gaba 3 da nema, Marlins ta zuba musu 8 a zagaye ɗaya. Aka ɗora laifin a kan wani bawan Allah ɗan kallo da ya miƙa hannu ga ƙwallo, har zaman garin ya nemi gagararsa. Na zo na tarar ana wannan labari, kuma duk fasinjan da ya ga alamar Cubs a madubina sai ya sake ba ni shi daga farko.

Wasan da ka kira wauta, yaro,
Dara ce, mai jifa ke ƙulla tsaro,
Ba agogo, ba mai cewa a tsaya a karo,
Sai ka fitar da 27 kafin ka fita.

Ba ka ɓata lokaci ka ci nasara,
Ba faɗuwar ƙarya, ba riƙe ƙafa da ƙara,
Ko kana gaba da goma sha tara,
Dole ka jefa wa abokin gaba, ya gwada ta.

Malamin Zangon Kumasi

Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ni ban taɓa ganin wasan nan ba ko a talabijin, amma maganar bunsuru ta shigo fagena.

Bunsuru ba ya ɗaure rabo,
Camfi camfi ne, tsoho ko sabo,
Wanda ya faɗi yakan nemi tabo
A jikin wani, nasa ya ƙi fuskanta.

Mu aka ce mun iya camfi da tsafi,
Ga masu jirgin sama da ƙarfi,
Sun kai dabba kotu da laifi,
Akuya na kiwo, me ta aikata?

Direban Devon

Allah gafarta Malam, ni ma ban yarda da shi ba. Amma ranar da Dodgers suka hana mu ci wasa biyu a jere, 1 da nema sannan 6 da nema, wallahi na ji kamar ana kukan akuya a bayan mota.

Hajiya Ta-Kudu

Yaya Alhaji, na fito daga aikin dare na tarar ka cika zaure da kiɗa. Ku 'yan Arewacin gari haka kuke, kamar ku kaɗai ne a Shikago.

Yaya Alhaji, a sassauta ganga,
Tuta ce kawai ta hau katanga,
Babban kofi sai dai a hanga,
Cleveland na nan, saura a fafata.

Mu 'yan Kudu tuni mun wuce,
2005 White Sox ta dace,
Houston wasa huɗu ta lalace,
Amma 'yan jarida duk sun manta.

Mu ma shekara 88 muka yi muna jira, tun 1917, ba mu ɗora wa ko kaza laifi ba. Amma Malam ya yi gaskiya, bari in cike masa gurbin da bai sani ba, tunda a idona aka yi.

Ba bunsuru ba ne, aiki ne da shuka,
Epstein ya zo daga Boston ya duƙa,
2012 wasa 101 aka sha duka,
Ya bar yara suka gama yarinta.

Rizzo daga San Diego aka samo,
Arrieta a Baltimore aka tsamo,
Hendricks daga Texas aka kamo,
Lester kuɗi ya kawo shi, ba kyauta.

Dala miliyan 155 na shekara shida, in kuna tambaya. Bryant kuma faɗuwar 2012 ɗin ce ta ba su damar zaɓensa na biyu a 2013, sannan aka kawo Maddon ya riƙe yaran. Epstein ɗin nan, mai jagorantar harkar 'yan wasan Cubs, shi ya raba Boston da nata jiran na shekara 86 a 2004. Mutumin ya san inda ake tono, shi ke nan.

Direban Devon

Hajiya, ban musa ko ɗaya ba. Amma akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Da aka tashi jiya an rufe titunan kusa da filin, sai can sama a kan Clark na samu na tsaya.

Tsakar dare wani tsoho ya tsai da ni,
Shuɗiyar hula ta koɗe, ta ga zamani,
Ya ce ta babansa ce, ya miƙo in gani,
Gumin mutum biyu ya rine bakinta.

Bai faɗi unguwa ba sai da na tambaya,
Yana ta kuka, yana ta dariya,
Na kashe mita tun rabin hanya,
Na tuna Baffa, ya Rabbi gafarta.

Baffa da rediyonsa a ƙofar gida, in ana wasan Najeriya ba mai tari. Ya rasu ina nan ina bin titin Devon da fasinja, ban samu jana'iza ba.

Hajiya Ta-Kudu, Lahadi 30 ga Oktoba

Allah ya jiƙan Baffa. To amma zumunci daban, wasa daban. Kluber, mai jifan Cleveland, ya jefa muku sau biyu, sau biyu kun sha ƙasa, jiya har 7 da 2 a cikin gidanku.

Yaya ina gangar? Na ji shiru,
3 da 1, anya zai gyaru?
Ina jin wari, ko dai bunsuru
Ya dawo Wrigley neman sarauta?

Direban Devon

Hajiya, da sauran rina a kaba,
Maci tuwo tukuna ba a san shi ba,
Miya na nan, ba ta ƙare ba,
Yau Lester ke jifa, bar ni in yi fata.

Baiti ɗaya nake da shi yau. Abinci ma bai wuce ba.

Direban Devon, Alhamis 3 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Ran Lahadi 3 da 2, Chapman mai jifanmu shi kaɗai ya fitar da mutum takwas na ƙarshe. Ran Talata a Cleveland 9 da 3, Russell ya tarar da kusurwa uku cike da mutane ya kwashe su da duka ɗaya. Na daren jiya kuwa ban fita aiki ba, na ajiye mota na zauna da butar shayi.

Mai dukan farko Fowler ya haura,
Báez ya bi, tsoho Ross ya ƙara,
6 da 3, mutum huɗu suka saura,
Na miƙe tsaye ina gyara hulata.

Sai Rajai Davis na Cleveland ya riƙe gora gajere,
Chapman ya jefa, ƙarfi ya ƙare,
Ƙwallo ta tafi, 6 da 6, na daskare,
Shayi ya zube a kan ƙafata.

Sai sama ta buɗe, ruwa ya sauka,
Minti 17 an lulluɓe fili duka,
Heyward ya tara su, wasu na kuka,
Ya tuna musu su wane ne, suka fita.

Schwarber mai gwiwar da aka ɗinke,
Tun Afrilu yana jinya, ya miƙe,
Zobrist ya doka, ƙulli ya tsinke,
Montero ya ƙara, 8 ta tabbata.

Cleveland ta rama, 8 da 7,
Saura mutum ɗaya, ɗaya kawai,
Bryant ya tsinta yana murmushi sarai,
Ya jefa wa Rizzo, jiran 108 ya kwanta.

Tun 1908 ke nan. Maƙwabcina na sama ya yi ta dukan bene da ƙafa har na ce silin zai rufto mini.

Ɗan Fagge

Kawu na tuba, ban yi barci ba,
Tun ɗayan dare waya ba ta huta ba,
Ruwa na sauka can, nan kiran asuba,
Na ajiye waya na ɗauki buta.

Na idar na dawo gida da gudu,
Wani sabon majefi ne a kan tudu,
Unguwa tsit daga arewa har kudu,
Ni kaɗai na yi ihu, Inna ta tsawata.

Dukan Zobrist ya wuce ni ina masallaci, sai a maimaici na gani. Amma ina da ƙorafi.

Kawu, abu ɗaya idona ya gani,
Ƙwallon ƙarshe, ta shekaru da zamani,
Rizzo ya cusa ta aljihu, gaya mini,
A dokar wasanku wannan ba sata?

Malamin Zangon Kumasi

Ɗan Fagge, Allah ya yi maka albarka,
Ka bar kallo ka amsa kiran Mai duka,
Sai dai ku tuna can ma ana kuka,
Cleveland tun 1948 take nata.

Hajiya Ta-Kudu

Barka Yaya, na cire ɗankwali? A'a,
Barka dai kawai, shi ma da sa'a,
Marasa lafiya sun hana ni barci da hayaniya'a,
Ka ga har amsa-amo ya ɓace mini, na ɓata.

Dariya nake. Wani dattijo a ɗakin da nake duba ya ƙi shan magani sai da aka gama zagaye na goma. Ka kawo mana kilishi in an kawo maka daga gida, shi ne tarar surutun da ka yi mana.

Direban Devon, Juma'a 4 ga Nuwamba

Kilishi na nan tafe, Hajiya. Ɗan Fagge, ga amsarka, yau na gani da idona a allon Grant Park. An rina kogin gari shuɗi, tituna a rufe, da ƙyar na samu Juma'a. Da safe na bi ta Wrigley, bangon bulo ya cika da rubutun alli, kowa ya sa sunan nasa da bai kai ga ganin ranar ba. Wata yarinya ta miƙo mini guntun alli, na riƙe, na mayar mata. Addu'a ta fi dacewa da Baffa.

Ɗana, ba sata ba ce, ajiya ce,
Kwana biyu tana hannunsa a killace,
Yau gaban jama'a ya fito da ita, ta dace,
Ya miƙa wa Ricketts mai ƙungiya kyauta.

Ni kuma haya ba ta san an ci kofi ba,
Mai gida bai ji labarin bunsuru ba,
Kwana biyu mita ba ta juya ba,
Na tafi filin jirgin O'Hare layi da motata.